Likkafanin da Bai Rufe Ƙafafuna Ba

Ni ɗan wabi ne. Huɗu Inna ta haifa kafin ni, huɗun duka ƙasa ta rufe musu ido ba a kai ga yaye ba. Da aka haife ni, kakata ta ɗauke ni ko cibi bai bushe ba ta kai ni juji ta ajiye, wata maƙwabciya ta je ta tsince ni ta maido gida. Aka huda mini kunnen dama. Sunan yanka yana nan, liman ya raɗa, amma ba wanda ya taɓa kirana da shi a gidanmu. Sunan da ya bi ni ma'anarsa tarkacen juji. Kakannin Inna arna ne, kuma ko da yake gidan ya shiga salla tun kafin a haife ta, wannan al'ada ba su sake ta ba: ɗan da mutuwa ke bi, sai a nuna ba a son shi, ko ta raina shi ta wuce.

Na san wannan bayani tun ina ƙarami, kuma sanin bai rage mini zafi ko kaɗan ba. In na zo na ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, Inna ko kallon takardar ba ta yi. In wata ta ce yaron nan ya girma masha Allah, sai ta tofar da yawu ta ce, "Wanga? Ko kyauta anka ba ki shi, ki ƙi." Ban taɓa sa sabuwar riga da salla ba, kwance take roƙo mini gida gida. Ina shekara goma sha biyar na yanke wa kaina hukunci cewa al'adar hujja ce kawai, matar nan da gaske ba ta ƙaunata. Haushi ya cika mini ciki, kuma ni dama tun asali zuciya gare ni.

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Ba na bin gawa, ba na bi ta gefen maƙabarta, ba na lulluɓa da farin abu. Lokacin da na ci jarrabawar shiga kwalej, sai da kawuna ya yi zarya kafin ta yarda in tafi garin kwamin, hedikwatar yankinmu, tafiyar awa biyu a ƙasa daga ƙauyenmu na cikin duwatsun Keita. A gabansa ta gindaya mini sharaɗi: ranar da ta ji na taka dokar nan, ranar karatuna ya ƙare. Baba yana ci-rani a Abijan, shekara biyu biyu yake zuwa, kuma a kan lamarina bai taɓa musa mata ba. Abin da ta faɗa shi za a yi.

A ajin ƙarshe aka kawo mana sabon mushe, wato malami, na faransanci, saurayi, iyayensa ƴan Madawa ne amma a Yamai ya tashi. Mutumin kirki, sai dai in ya sa abu gaba ba ya ji ba ya gani, kuma wasan kwaikwayo ne ciwonsa. Ya ji wani labari a bakin tsofaffin kasuwa, ya zauna ya mai da shi wasa cikin kaye, littafin rubutu, da Hausarmu, don bukin ƙarshen shekara. Labarin wani tsohon manomin albasa ne mai garka a fadama da ƴaƴa maza uku da mace ɗaya. Rabin farko tsohon ne ke ta faɗa da tari da habaici. Sai ya mutu, a shimfiɗe shi cikin likkafani, ƴaƴan su hau rigimar rabon garka a kansa har rana ta faɗi ba a kai shi ba.

Da mushe ya karanta mana, kowa ya so tsohon. Da ya ce mai yin tsohon shi zai kwanta cikin likkafani har ƙarshen wasa, hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙato a bayan aji ya ce, "Mushe, ni uwata ta hana." Aka yi dariya, amma ba wanda ya sake ɗaga hannu. Ni na ɗaga.

Taubashiyata, ɗiyar kawuna, ajinmu ɗaya, tana zaune bayana. Ta harbi bancina da ƙafa har bik ɗina na rubutu ya faɗi. Mushe ya ce, "Gidanku ba matsala?" Na ce, "Babu, Mushe." Bai san abin da hudar kunnena ke nufi ba, ɗan kunnen da aka sa mini kuwa tun ranar da na zo kwalej na cire na jefa rijiya. In faɗi gaskiya, ƙeta ce ta ɗaga mini hannu. Na ce a raina, tun da ni tarkace ne, bari a naɗe tarkacen mu gani. Sannan kuma ina son sau ɗaya a rayuwata jama'a su dube ni su ce na iya.

Da muka fito ta tare ni bayan kilas. Ta ce, "Kai ɗan mace, hauka kake? In Gwaggo ta ji, wallahi ba ni ciki."

Na ce, "Wa zai hwaɗa mata? Ke?"

Ta ce, "Ni ba ni hwaɗi. Amma saura wata biyu jarrabawa, ka tuna."

Na ce ta je ta koyi kukanta, don ita mushe ya ba ɗiyar tsohon.

Gwaji muke yi kullum da yamma. Tsohon ya zauna mini daram. Tarin kakana na ɗauko da yadda yake jan ƙafa, har mushe kan juya baya yana dariya. Wurin mutuwa kuwa kwantawa kawai nake yi bisa banci biyu da aka haɗa, ina kallon rufin kwano. Sai saura mako guda mushe ya dawo daga Madawa da farin yadi. Telan garin ya ƙi ɗinkawa, ya ce shi ba ya yanka wa mai rai likkafani, don haka aka ce a naɗe ni haka nan, a yagi bakin yadin a ɗaure wurin kai da ƙugu. Yadin ya gaza. In an rufe kai, ƙafafu suna waje tun daga idon sawu. Mushe ya ce ba komai, mutane za su fi dariya.

Ranar da aka fara rufe mini fuska na ji abin da ban zata ba. Warin sabon yadi, zafin bazara, numfashina yana dawo mini a fuska, muryoyin abokaina suna zuwa kamar daga bayan katanga. Na ji tsoro sosai, kuma na ƙi nunawa.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ranar da aka sa. Laraba ce, ba ranar kasuwa ba, kuma Inna ba ta taka garin sai ran kasuwa, in ta kawo tabarmin kaba da take saƙawa. Saura kwana huɗu kasuwa ta ci, darakta ya shigo aji yana murna. Ya ce magajin gari zai zo, sufeto ma zai zo daga Keita, saboda haka an mai da buki ranar kasuwa don iyaye su samu halarta. Aji ya ɗauki tafi. Ni na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya.

Na bi mushe har gidansa na ce a sauya ni. Ya ajiye butar da ke hannunsa ya ce, "Saura kwana huɗu? Wa zai haddace rabin kaye cikin kwana huɗu? Me ya faru?"

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Kalma huɗu ce, ni ɗan wabi ne, da ko bai gane ba zai tambaya a gaya masa. Girman kai ya riƙe mini harshe. Shekara huɗu ina ɓoye sunan gida a garin nan, yanzu in kwance wa kaina zane a gaban mutumin da ya fi kowa ganin girmana? Na ce cikina ke ciwo. Ya ce in sha jiƙo, gawa ba ta ciwon ciki.

Sai na koma lissafin lokaci. Inna tana barin kasuwa kafin la'asar don ta isa gida da sauran haske. Buki sai bayan la'asar za a fara, kuma akwai jawabai da waƙoƙin ƴan aji ɗaya kafin a zo kanmu. In komai ya tafi daidai, lokacin da za a naɗe ni ta yi rabin hanya. Kwana huɗun nan ban ci abin kirki ba.

Ran kasuwa da hantsi na same ta a rumfarsu. Ta miƙo mini ƙullin dawon fura ba ta dube ni ba, ta ce na rame kamar kazar mayu, ko masaukina ba a tuƙa tuwo ne. Ina tsugune sai ga mai shela da lasifika yana ratsa rumfuna, yana cewa iyayen yara, bayan la'asar a hallara kwalej, ɗiyanku za su yi wasan kwaikwayo gaban manya. Ya tsaya daidai kanmu ya maimaita sau biyu. Da ina da iko da na cusa masa lasifikar a baki.

Inna ta ce, "Kana ciki?"

Na ce, "A'a. Ni banci kawai nika ɗauka."

Ta dube ni a karo na farko a ranar, ta daɗe, sannan ta ce, "Dama mi za ka iya."

Na ce mata hadari na haɗuwa gabas, gara su kama hanya da wuri kada ƙorama ta kawo. Ta ce yaushe na fara damuwa da ƙafarta. Duk da haka bayan azahar ta naɗe sauran tabarmin. Ni na ɗaukar mata har bakin gari, na tsaya ina kallo har ita da matan ƙauyenmu suka sha kwanar dutse. Sannan na juyo da gudu.

Barandar ofishin darakta ce dandalinmu, mai matakala uku, an ɗaura igiya an rataya zannuwa biyu a matsayin labule. Fili ya cika maƙil, manya bisa kujeru a gaba, maza a tsaye, mata can baya ƙarƙashin dalbejiya. Aka manna mini gemun auduga da ƙaro, aka shafa mini toka, aka sa mini tsohuwar riga da malfa. Kafin in fita na leƙa ta tsakanin zannuwan na bi matan ɗaya ɗaya. Ba ta nan.

Abin da na yi a rabin farkon nan ban sake yin kamarsa ba. Tari ɗaya na yi fili ya kece da dariya. Na zagi ƴaƴana, na kore su da sanda, na zauna ina yi wa albasa kirari. Sufeto ya cire tabarau yana share ido. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na manta da kowa. Na yi wasiyya, na yi shaƙuwa uku, na saki sanda na mutu, aka ja labule.

Bayan labule aka kwantar da ni bisa bancin, mushe da yara biyu suna naɗe ni da sauri. An gama ƙugu ana zuwa kai, taubashiyata ta duƙo kunnena. Muryarta ba ta wasa ba ce.

Ta ce, "Gwaggo na nan. Innata ta ce sai ta ga wasana, ta maido su daga hanya. Yanzu sunka shigo, suna wajen dalbejiya."

Na ce, "Ta gan ni?"

"Ban sani ba."

Na yunƙura, hannuwana suna ɗaure a jikina. Na ce, "Mushe, a ruhe mini ƙahwahu. Don Allah a samu wani abu a ruhe." Ya ce in yi shiru an makara, ya ja yadin bisa fuskata ya ƙulle. Na ji ƙarar zoben labule bisa igiya.

Daga nan kunne kawai gare ni. Na yi ta gaya wa kaina cewa tana nesa, fuskata a rufe, ba ta ga rabin farko ba, kuma ba wanda zai faɗi sunana sai an gama. In na daure minti ashirin, in an ja labule in fice ta tagar ofis. Na lanƙwashe yatsun ƙafata kamar hakan zai ɓoye su. Iska tana taɓa tafin, ban taɓa jin tsiraici irin wannan ba.

Ƴaƴan tsoho suka fara rigima. Babban ya ce rijiyar garka tasa ce, na tsakiya ya ce ai shi ya yi yasa, ƙaramin ya jawo igiyar awo ya gitta ta bisa cikina. Mutane suna ta dariya. Taubashiyata ta fara kukanta, sai na ji kukan ya wuce yadda muka gwada, yana sarƙewa, ta bar kalmomin da aka rubuta mata. Gumi ya jiƙa yadin ya manne mini a hanci. Ina ƙirga maganganu, saura shafi huɗu, saura uku da rabi.

Sai babban ɗan ya tsaya a tsakiyar magana. Na ji takun silifa bisa matakala, ɗaya, biyu, uku, a hankali. Na ji ƙanshin kaba. Hannu ya kama mini ƙafar hagu, sanyi ƙalau, yana latsa tafin yana neman ɗumi.

Na jira mari, ko ta kira sunana. Ba ta yi mini magana ba sam. Sama da kaina take magana, da ƙarfi, yadda duk fili zai ji.

"Wanga ba kowa ba na. Tarkace na, ga juji anka tsince shi. Ba ya jin magana, ba ya da amfani, ko akuya bai iya kiwo ba. Ni ban son shi, ubanai bai son shi, ba mai son shi. Mi za a yi da wanga? Huɗu na ba da, masu kyau, ban hana ba. Wanga ba abin ɗauka ba na. A bar shi nan. Don Allah a bar shi nan."

Fili ya fashe da dariya. Sun ɗauka cikin wasan ne, an sa wata tsohuwa ta zo ta zagi gawa. Na ji tafi daga kujerun manya, wani yana cewa wannan ta fi su duka iyawa. Can baya wajen dalbejiya kuwa ba a yi dariya ba, wata ce kawai na ji tana salati.

Kalmomin nan na san su, da su aka raine ni. Abin da ban taɓa ji ba shi ne muryar. Haƙoranta suna haɗuwa, numfashinta yana yankewa tsakanin kalma da kalma, kuma duk zagin nan hannunta bai saki ƙafata ba, sai ƙara damƙewa yake har farcenta ya shige ni. Roƙo take yi. Shekara goma sha biyar roƙo take yi a gabana, ni kuwa ina can ina tara haushi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na fashe da kuka cikin yadin.

Na ce, "Inna, ina da rai. Inna, ga ni." Yadin ya danne muryar. Na yi ta birgima har na faɗo daga bancin, kafaɗata ta bugi siminti. Dariya ta ƙaru, gawa ta tashi. Taubashiyata ce ta kwance ƙullin kai da haƙori. Da na fito da fuska na ga Inna tsaye, kallabinta ya zame, leɓenta ya yi fari, ba hawaye ko ɗaya. Ta kama wuyan hannuna ta ja. Muka sauka matakala muka ratsa jama'a, gemun auduga yana reto a haɓata. A hankali dariyar ta mutu, daga baya zuwa gaba, yayin da magana ke tafiya baki baki.

Mushe ya cim mana a ƙofar kwalej yana haki. Wani ya riga ya gaya masa. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, ki gafarce ni, wallahi ban sani ba. Amma saura sati uku jarrabawa, kuma ba wanda ya kai shi a ajin. Ki bar shi ya rubuta, ni zan kawo miki shi da kaina."

Ta ce, "Tashi, ɗana, ba ka da laihi. Amma bana ba ka ƙara ganinai."

Ya juyo ya dube ni. Na gane abin da yake nufi. Na fi ta tsawo, na fi ta ƙarfi, fizga ɗaya zan yi in kwace hannuna, kuma darakta da sufeto suna nan, da sun tsaya mini. Shekara huɗu na tafiyar ƙasa da kwanan yunwa a gidan mutane suna cikin sati ukun nan. Na so jarrabawar nan kamar raina. Na ce, "Mushe, zan bi ta."

Muka bar gari tana riƙe da hannuna. A ƙoramar farko, cikin yashi, ta sake ni. Ta zauna daɓas tana haki. Na tsuguna gefe ina ɓamɓare ƙaro daga haɓata. Da numfashinta ya dawo ta ce, tana kallon yashi, "Ƙahwahu ka hita daga ƙarshe. Duka huɗun, abin da na gani na ƙarshe ke nan daga bakin ɗaki." Sannan ta ce in ba ta hannu ta tashi, rana na faɗuwa.

Ban rubuta jarrabawa ba shekarar nan. Ranar da abokaina suka shiga aji a Keita ina gona ina bin ta da iri, ruwan shuka ya sauka kwana biyu kafin nan. Sai shekara ta zagayo kawuna ya sake zarya, na maimaita ajin, na ci. Mushe an riga an sauya masa gari, ban samu na ba shi haƙuri yadda ya kamata ba, kuma abin yana damuna har yau.

Zagi kuwa ba ta fasa ba, washegari ma da shi ta tashe ni. Amma duk damanar nan, in mun dawo gona na kwanta a zaure da rana, sai in ji ta bar dakanta ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ba ta shigowa, ba ta magana. Nakan rufe ido in ja numfashi da ƙarfi yadda za ta ji, sau uku ko huɗu, har ta koma ga turminta.